Tambaya da Amsa: Ta yaya za mu raya tarihin kakanmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kakanmu ya rasu bara yana da shekara 88. Manomi ne kuma ɗan kasuwar hatsi, wanda tun tasowarmu ba mu taɓa ganin kiran asuba ya same shi a kwance ba, kuma ba a sauke tukunya a gidansa sai an fitar da kwanon almajirai da na maƙwabta. Yanzu shekara ta kusa zagayowa, kuma kan iyayenmu ya rabu: wasu na so a kafa rumfa, a yanka sa, a buga kalanda mai hotonsa, wasu kuwa na ganin almubazzaranci ne. Abin da ya fi damuna shi ne ƙannena ba su san komai game da shi ba sai sunansa. Me ya kamata mu yi?

Daga wani jika, Gumel, jihar Jigawa.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Batun taron shekara malamai sun yi saɓani a kansa, saboda haka iyayenka su koma ga malaman da marigayin ya yarda da su, su karɓi abin da aka faɗa musu ba tare da gaba ba, domin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana haɗa kan gida bai cancanci a raba gidan da sunansa ba.

Kafin rumfa da kalanda, a tabbatar an sauke masa nauyi. Aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i sun gabatar da wasiyya da bashi a kan rabon gado, kuma cinikin hatsi irin na mutanen da can, yawancinsa da baki ake ƙulla shi, babu takarda. Ku je kasuwa wajen abokan cinikinsa da dillalai da masu awo, ku tambaya a fili ko akwai mai binsa. A irin wannan zagaye ne sau da yawa iyali suke fara jin alherin da mahaifinsu ya ɓoye musu, kamar buhun geron da ya bayar rance da damina bai sake tayar da maganarsa ba.

Damuwarka game da ƙannenka ita ce ta fi taɓa ni, kuma aikin a hannunka yake. Ɗauki wayarka ka zauna da matansa da 'yan'uwansa mata da aminansa da limamin masallacinsa, ka nemi izininsu ka naɗi muryarsu. Idan ka tambaye su wane irin mutum ne, za su ce mutumin kirki ne, su yi masa addu'a, zancen ya ƙare a nan. Tambaye su inda ya sami jarinsa na farko, da gonar da ya fara saya, da malamin da ya yi karatun allo a wurinsa, da shekarar da ya karye da yadda ya farfaɗo. Tsofaffinmu ba su cika riƙe shekaru da lamba ba, da al'amura suke lissafi, don haka ka auna labarin da abubuwan da aka sani: rasuwar Sardauna a 1966, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, da babban farin da ya addabi ƙasar Hausa a 1973 zuwa 1974. Mai sayar da hatsi a garin da ke kusa da iyakar Nijar ba zai rasa labari a wannan fari ba, kuma a ganina yadda ya yi da rumbunsa a lokacin zai nuna wa jikokinsa halinsa fiye da duk wani kirari. Kada a goge wahalarsa ko zafin ransa, in yana da shi, domin yaro ya fi iya koyi da kakan da ya ga ya faɗi ya tashi.

Dubi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja a ƙasar Ghana ta yau, ya bunƙasa da cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya rasu a 1955. Har yau ana ba da labarin yadda ya tara 'ya'yansa kafin rasuwarsa ya hore su da su riƙe juna, kuma labarin ya iso mu ne saboda an tambayi waɗanda suka gani, an rubuta. Dattawa irin kakanka suna nan a kowane gari, amma akasari tarihinsu yakan bi tsararsu zuwa kushewa.

Game da kuɗin da za a kashe kuwa, hadisin da Muslim ya ruwaito ya bayyana cewa aikin mamaci yana yankewa sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Kuɗin sa da rumfa zai iya gyara rijiya ko rufin makarantar allon unguwarku. Haka nan a binciki gidajen da kwanonsa yake shiga, a raba su tsakanin 'ya'yansa, kada a bari tuwon ya yanke. Muslim ya kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakinsa da rawaninsa saboda mahaifin mutumin aminin Umar ne, ya kafa hujja da cewa sada zumunci da masoyan uba yana daga mafificin biyayya. Aminan Baba da suka rage su riƙa ganin ƙafarku da Sallah da lokacin rashin lafiya.

Ka fara naɗar muryar da wanda ya fi kowa tsufa a cikinsu, cikin makon nan in Allah Ya yarda, sannan ka rubuta abin da ka tara da Hausa, a buga ko da shafi 20 ne, kowane ɗaki ya sami kwafi.