Karayar ƙashin ƙugu: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya daga Gwaram: Likita, ƙanena ne mota ta buge a kan babur, aka ce ƙashin ƙugunsa ya karye. Ban taɓa jin mai irin wannan karayar a garinmu ba. Ta yawaita ne? Kuma me ya sa aka yi ta ƙara masa jini alhali babu rauni a fatarsa?

Amsa: Allah Ya ba shi lafiya, Malam. Ba ta kai ta hannu ko ƙafa yawa ba, kusan 3 ce cikin kowace karaya 100. Ƙashin ƙugu zobe ne mai ƙarfi, shi ya sa a jikin matashi ba ya karyewa sai da bugu mai tsanani: haɗarin mota ko babur, faɗowa daga kan ɗorawa, ko katangar ƙasa ta rufta wa mutum da damina. Bugun da ya iya fasa shi kuwa da wuya ya tsaya nan. Sau da yawa mukan tarar da karyewar haƙarƙari ko cinya, rauni a kai, ko fashewar saifa ko hanta.

Jinin da kake tambaya a ciki ya zuba. Akwai jijiyoyin jini da yawa manne da ƙashin, in suka tsage mara takan shanye lita 2 ko fiye ba a ga ɗigo a waje ba, alhali jinin babba gaba ɗaya bai wuce kamar lita 5 ba. Wannan ne ke kisa a sa'o'in farko. In ka ga wanda ya yi haɗari yana zufa mai sanyi, tafin hannunsa ya yi fari, yana ta neman ruwa, kada a tayar da shi tsaye don a gwada ko zai taka. A naɗe zani mai faɗi a ɗaure tam daidai kwatangwalo, inda kan ƙashin cinya yake turowa, a haɗe gwiwoyinsa, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko katako a nufi asibiti.

Tambaya daga Ɓaɓura: Kwana biyu ke nan maigidana yana wurin mai ɗori saboda karayar ƙugu, amma fitsari ya ƙi fita sai ɗigon jini. Mu ƙara jira?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ku kwana. Mafitsara da bututun fitsari a bayan ƙashin gaba suke, kuma kamar namiji 1 cikin 10 masu wannan karayar bututunsa yakan tsage. Jini a bakin al'aura da kumburin mara alamarsa ce. Don Allah kada ku bar kowa ya tura masa robar fitsari a gida ko a kemis, yana iya ƙarasa tsinke bututun. A asibiti akan ɗauki hoto tukuna, in ta kama a fitar da fitsarin ta mara. Na san mutanenmu sun yarda da masu ɗori, amma ƙugu ba ya ɗoruwa da kara da tsumma, jansa da murza shi kuma na iya tayar da jinin da ya tsaya. Ku je babban asibiti mafi kusa, su za su tura ku Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano in da buƙata.

Tambaya daga Rano: Kakarmu ta zame a banɗaki, ta kasa takawa. Ita ma karayar ce?

Amsa: Tana iya yiwuwa, don ƙashin tsofaffi, musamman mata, ya yi rauni. A kai ta hoto, saboda karayar wuyan ƙashin cinya ma haka take yi, ita kuwa tiyata take so. In ƙaramar karayar ƙugu ce, takan warke cikin sati 8 zuwa 12 ba tiyata. A ba ta maganin ciwo, a riƙa zaunar da ita da taka mata da sanda yadda likita ya tsara, don doguwar kwanciya na jawo gyambon baya da ciwon huhu.