Kar ka sauke bwat tukuna

Ɗana, na ji saƙonka. Ka ce Hilux ɗin da anka kawo daga hanyar Abalak ta ƙi shiga bites (wato giya), sandar bites ta yi tauri sai ƙara take, kuma kana so ku sauke bwat, wato akwatin bites, gobe da sahe kahin in dawo Tawa. Don Allah aje sifana tukuna.

Tambaya guda zan maka, ka kashe mota ka gwada? Je ka kashe inji, ka taka ambireyaj (kuloci in ji mutanen Najeriya) ka bi bites ɗaya bayan ɗaya, 1, 2, 3 har baya. In sun shiga lahiya lau da inji a kashe amma da ka tada shi sai su ƙi, to bwat ba ta da laihi, ambireyaj ne ba ya saki, diskin ambireyaj na nan manne yana juya cikin bwat ko ka taka har ƙasa. Gwada baya ma da inji a kunne, a yawancin motocin ga namu baya ba ta da sinkoro, zoben tagullar da ke daidaita juyi don bites ta shiga ba ƙara, in ka ji ƙarrr to magana ta tabbata.

Daga nan sai ka ji ƙafarka. Feda ta yi laushi tana tahiya ƙasa ba nauyi? Buɗe kafo ka duba ɗan kwanon man ambireyaj da ke kusa da na birki, man birki ne a ciki, DOT 3 ko DOT 4, yana rubuce bisa marfi. In ya sauka to akwai inda yake yoyo. Sa hannu can saman feda daga ciki inda famfon ambireyaj na sama yake, in yatsanka ya jiƙe robarsa ta mutu. Sannan ka shiga ƙarƙashi ka sa wani ya taka maka, kai kuma idonka na kan famfon ƙasa da ke jikin bwat, ka ga ko sandarsa na tura cokali, ƙarhen da ke sakin ambireyaj, sosai ko ɗan motsi kawai take. Ɗaga robar ƙurar nan, sau da yawa mai na ɓoye a cikinta, kuma ƙurar Adar da zahin nan namu ba sa barin roba ta daɗe. In ba yoyo, ku hidda iska, wani lokaci shi ke nan aikin.

Abin da ya sa na dage, ina yaro kamarka mun taɓa sauke bwat ɗin wata mota, kwana 2 muna kwance cikin rairai mai na ɗiga mana a ido, munka buɗe munka tarar komi lahiya, ashe 'yar roba ce da ba ta kai girman dala ba a famfon ƙasa. Mai motar talaka ne da ita yake ci da iyali, har yau in na tuna huskarsa raina na ɓaci.

Tambayi direban ma ko ya ratsa ruwa a kori sannan ya aje ta kwanaki, don tsatsa na manne diski da bolan, babban faifan ƙarhen da ke bayan inji.

To in ko a kashe ta ƙi shiga, sai ka koma kan sanda, ita Hilux sandarta bisa bwat take zaune kai tsaye, akwai 'yan robobi a gindinta da ke cinyewa. Kwance kusar gehen bwat ka sa yatsa, mai ya kamata ya kai bakin ramin, 75W-90 ake sa mata. In ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, ko bites guda ce tak ke ƙara sauran na shiga, wannan sinkoro ne, a nan ne za mu yi maganar saukewa, kuma tare za mu yi don ina so ka ga cikinta da idonka.

Ka yi gwajin farkon nan yanzu kahin magariba ka kira ni, kar ka ce ma mai mota komi kan kuɗi sai mun yi magana.