An sallame ni daga aiki a Bronx, ga Inna kwance a gida

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Bronx, cikin birnin New York, ya aiko da wannan tambaya, na taƙaita ta:

"Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan da na shigo Amurka da bizar ƙuri'a, ina da girin kad, wato katin zama na dindindin. Ina aiki a wani sito na kaya, ta banki ake biya na, ana cire haraji. Makon jiya aka rage ma'aikata har da ni. Wasu sun ce in nemi kuɗin rashin aiki, wasu kuma sun ce in na karɓa zai ɓata mini neman zama ɗan ƙasa da nake son yi baɗi. Ga mahaifiyata kwance a Maraɗi, ina so in je in yi wata biyu tunda ba aiki. Wanda muke ɗaki ɗaya ya ce in bar masa lambar sirrina ta neman kuɗin, zai riƙa cike mini takardar karɓar kuɗin duk mako. Mene ne shawara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya musanya maka da aikin da ya fi wancan alheri.

Ka nemi kuɗin, kuma a cikin makon nan. Ana fara lissafi ne daga makon da ka shigar da buƙata, ba daga ranar da aka sallame ka ba, saboda haka duk makon da ka ɓata kana shawara da mutanen majalisa asararka ce. Makon farko ma a New York na jira ne, ba a biyan sa.

Kuɗin nan ba sadaka ba ne, ba kuma bara ba ce. Inshora ce da aka kafa tun 1935, kuma kamfanin da ka yi wa aiki ya yi ta zuba haraji a kan albashinka domin irin wannan rana. Shi ya sa hukumar shige da fice, a ƙa'idojinta na 2019 da na 2022, ba ta sa shi cikin tallafin da ke mai da mutum nauyi a kan gwamnati ba, tana ɗaukar sa abin da guminka ya saya. Ƙa'idojin nan suna sauyawa idan gwamnati ta sauya, don haka kafin ka shigar da takardar zama ɗan ƙasa ka zauna da lauyan shige da fice. Amma kada jita-jita ta hana ka haƙƙinka.

Kowace jiha da nata tsari, kuma a jihar da ka yi aikin ake nema. A New York Ma'aikatar Ƙwadago ta jiha ce ke biya, har mako 26. Mafi yawan abin da take bayarwa a mako ya daɗe a dala 504, sai a Oktoban 2025 aka ɗaga shi zuwa dala 869. Ba kowa ke samun wannan ba, ya danganta da albashin da ka ɗauka a baya. 'Yan'uwanmu na Greensboro da sauran Carolina ta Arewa su sani nasu ya fi gajarta ƙwarai, yakan tsaya a mako 12, haka ma Florida. Abin da za a duba a kanka shi ne ba da laifinka ka rasa aikin ba, ka yi aiki isasshe a watannin baya, kuma kana da izinin aiki a da da yanzu. Ka tanadi lambar soshiyal (Social Security), da lambar girin kad, da takardar albashi ta ƙarshe, da sunan kamfanin da adireshinsa kamar yadda suke a takardar haraji ta W-2. Wurin da aka tambaya ko kai ɗan ƙasa ne, ka natsu ka amsa a'a. Wanda ya ce shi ɗan Amurka ne a takardar hukuma alhali bai zama ba, ya jawo wa kansa abin da lauya ma ke shan wuya kafin ya warware.

Sai maganar abokin ɗakinka. Kada ka ba shi lambar nan. Na san taimakonka yake nufi, amma taimakon zai iya cinye maka abin da ka shekara huɗu kana ginawa.

Abin da ake cikewa duk mako shaida ce kake bayarwa da sunanka cewa a wannan mako kana nan, kana da lafiyar yin aiki, da an kira ka gobe za ka fito, kuma ka nemi aiki. Mutumin da ke Maraɗi ba zai iya faɗin haka da gaskiya ba. Ma'aikatar ta faɗa ƙarara cewa wanda ya fita Amurka zuwa irin ƙasashenmu ba ya cikin masu karɓa har sai ya dawo, kuma cikewa daga waje, ko sa wani ya cike maka, zamba ce. Ba abu ne mai ɓuya ba, domin akwai hatimin fasfo, akwai rajistar jirgi, kuma kai da hannunka za ka lissafa duk tafiye-tafiyenka na shekara biyar a takardar zama ɗan ƙasa. Ranar da aka jera kwanakin tafiyar kusa da kwanakin karɓar kuɗi, magana ta ƙare. Za a ce ka mayar da abin da ka karɓa, a ɗora tarar da ba ta gaza kashi 15 cikin ɗari ba, a soke maka wasu makonni na gaba. Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne ana duba halin mai neman zama ɗan ƙasa na shekara biyar, kuma idan kotu ta kama mutum da zambar da ta haura dala 10,000, tana cikin laifukan da ake korar mai girin kad a kansu. Ban da wannan duka, kuɗin da aka samu da shaidar zur ba shi ne za ka so ka saya wa Inna magani da shi ba.

Ba cewa nake kada ka je ba. Uwa ba ta da madadi, idan jikin ya yi tsanani ka tafi, aiki da kuɗi ana sake samun su. Hanyar da ta dace a buɗe take. Ka shigar da buƙatarka yanzu, ka sanar da ma'aikatar ranar tafiya kafin ka tashi, ka daina cikewa muddin kana waje, in ka dawo ka sake buɗe fayil ɗinka. Makonni 26 ɗin nan ana cin su ne a cikin shekara guda daga ranar da ka nema, don haka wata biyun da ka yi a gida ba su ƙona maka su ba, suna nan suna jiran ka. Sai dai ka kula kada wata biyu ya zama bakwai, domin zaman da ya wuce wata shida a waje yana taɓa lissafin zama ɗan ƙasa, na shekara kuma yana iya taɓa girin kad ɗin kansa.

Wani wurin da mutanenmu ke zamewa shi ne ƙananan ayyuka. Ka ɗauki keke kana kai abinci da DoorDash, ko ka tsare wa wani shago a ranar Asabar ya ba ka kuɗi a hannu, duk aiki ne, kuma sai ka faɗa a makon da ka yi shi, ko da ba a biya ka ba tukuna. Faɗin ba ya nufin an yanke maka kuɗin gaba ɗaya. Tun 2021 New York da awoyi take lissafi: awa 10 ko ƙasa a mako ba a rage maka, daga nan ana ragewa kashi-kashi, sai ka haura awa 30, ko abin da ka samu ya wuce mafi yawan abin da jihar ke biya, sannan kuɗin makon ya faɗi gaba ɗaya.

Neman aikin kuwa jihar tana son ayyukan nema guda uku kowane mako, kuma tana iya cewa ka kawo shaida. Ka sami littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, da sunan wurin, da wanda ka yi magana da shi, da yadda aka ƙare. Idan bayan sallar Juma'a wani ya ce ana ɗauka a wurin aikinsu, kada ka tsaya a "in sha Allahu zan leƙo", ka je ka cike takarda ka rubuta a littafinka. Ka shiga ɗaya daga cibiyoyin Workforce1 na birnin, kyauta suke gyara takardar neman aiki, suna kuma haɗa mutum da masu ɗauka. Ka tambaye su shirin da ake kira 599, wanda ke ba mutum damar shiga horon da ma'aikatar ta amince da shi yana karɓar kuɗinsa, ba tare da an tilasta masa neman aiki a lokacin ba. A ganina wannan ya fi komai amfani ga irinka. Wanda ya fita daga sito ya koma wani sito, gobe ma ana iya rage shi, amma lasin tuƙa babbar mota ko takardar aikin jinya sana'a ce da ke bin mutum duk jihar da ya je.

Idan aka aiko maka cewa an ƙi, kada ka naɗe hannu ka ce haka Allah ya so. Kana da kwana 30 ka nemi a saurare ka gaban alƙalin ma'aikatar, ana ba da tafinta kyauta, kuma ka ci gaba da cikewa duk mako kana jira, domin in ka yi nasara makonnin da ka cike kaɗai za a biya. Ka riƙa buɗe wasiƙunsu ranar da suka zo. Ka kuma sani ana biyan haraji a kan kuɗin nan, gara ka zaɓi a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na tarayya tun yanzu da a bi ka bashi a watan Afrilu. Inshorar lafiya ma in ta tafi da aikin, kana da kwana 60 ka shiga wata ta kasuwar inshora ta jiha.

Mutanen gida kuma ka gaya musu gaskiya. Ba lallai Inna ta ji tana kan gadon jinya ba, amma babban yayanka ko kawunka ya sani cewa aiki ya tsaya, abin da kake aikowa zai ragu na ɗan lokaci, kuma maganin Inna ne a gaba da bikin kowa da ginin kowa. Ka ware kuɗin haya da na abinci tukuna, abin da ya saura ka yanka wa gida adadi guda da za ka iya riƙewa har wata shida, ka faɗa musu shi tun yanzu don su san yadda za su tsara.