Amsa ga ɗana kan rai uku da jerin gwanaye

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka tambayi abin da ya sa wasannin bidiyo suke ba mutum rai uku, suke ƙara sauri in an yi nisa, suke kuma ajiye sunan wanda ya fi maki. Wannan duk gadon akwatunan wasa ne na jefa kuɗi, kuma babbansu Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙera wa kamfanin Taito a Japan a 1978.

Dodanni 55 ne, sahu 5, kowane sahu 11. Tafiyar gefe suke yi, in sun kai bango su sauko taki ɗaya. Kai kana ƙasa da igwa, a bayan katanga 4 da harbi ke zaizayewa, har da naka. Harsashi ɗaya kake da shi a allo, sai ya sami dodo ko ya ɓace kafin ka sake harbi. Nan mai garaje ke hallaka.

Saurin kuwa gazawar inji ce ta haife shi, kuma nan ne hikimar mutumin ta fi burge ni. Ƙwaƙwalwar akwatin, Intel 8080, dodo ɗaya take matsarwa duk sanda allo ya sabunta, sau 60 a daƙiƙa. Suna 55, sai an kusa cin daƙiƙa guda kafin rundunar ta yi taki ɗaya. In saura ɗaya, shi kaɗai ake matsarwa, sai ka ga yana gudu kamar an koro shi. Nishikado ya lura ya bar shi haka, ga amon nan huɗu na tafiyarsu yana ƙara bugawa kamar zuciya.

Rai uku lissafin ciniki ne. A wancan lokacin yen 100 ake jefawa a Japan, santi 25 a Amurka, dole wasa ya ƙare na baya ya samu. Mai shago yana da 'yan makunnai a ciki da zai mai da rai 3 zuwa 6. Mai jiran layi kuma sai ya ɗora tsabarsa a bakin gilashi, kowa ya san gurbinsa, ba mai taɓa kuɗin wani.

Space Invaders lamba kawai yake ajiyewa, ba suna. Asteroids na kamfanin Atari, a 1979, shi ya yaɗa rubuta haruffa uku a jerin gwanaye goma. A akwatuna da yawa na lokacin, da an kashe wuta jerin ya goge, gobe a faro daga sifili.

Ka gaishe da mahaifiyarka da ƙannenka.