Likita ya hana ni tsayuwar dare, ina da laifi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina fama da ciwon nan da likitoci ke cewa baifola, yau ƙunci gobe zumuɗi ya yi min yawa, likita ya ce in daina raba dare, ni kuma na saba tahajjud, wallahi sai nake jin kamar na saɓa wa Allah.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Ba ka da laifi, kuma bin maganar likitan nan shi ne daidai a kanka.

Ka ga a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungun ƙwayoyi, kusan 20,000, da ke aiki kamar agogo, hasken da ke shiga ido ne ke saita shi. Duhu na yi jiki ya saki wani sinadari mai suna melatonin bacci ya zo, gab da wayewar gari sinadarin kotisol ya hau mutum ya wartsake, har sinadaran serotonin da dopamin masu taɓa walwalar zuciya suna bin wannan jerin. A 2017 ma an ba wasu masana uku kyautar Nobel kan yadda agogon ke tafiya. Mu dama mun karanta a Suratun Naba'i, dare sutura ne, yini lokacin neman abinci. To mai irin ciwonka rashin baccin 'yan kwanaki ya isa ya tayar masa da zumuɗin, kuma abin tsoron shi ne zai ji wani ƙarfi na ibada ya ɗauka imani ne ya ƙaru, alhali ciwon ne ke dawowa.

Tahajjud nafila ce, tsare hankali kuwa wajibi, ba a bayar da wajibi don nafila. Annabi (SAW) ya ce wa Abdullahi ɗan Amr jikinka yana da haƙƙi a kanka, kuma a Bukhari ya zo cewa bawa in ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya. Ladanka na nan ke nan.

Ka yi wutiri kafin ka kwanta kamar yadda aka yi wa Abu Huraira wasiyya, ka ƙara da walaha. Asuba dai farilla ce, ka kwanta da wuri bayan isha'i don ka same ta, in maganin na danne ka ka gaya wa likita ya duba lokacin shan. Waya ma a ajiye ta, kar a bar sallah a koma Facebook. Wallahu a'alam.