Tambaya da Amsa: In Gyara Musu Kod ɗin Nan?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a jami'ar KNUST da ke Kumasi, ina zaune a Aboabo. Na iya yaren rubuta manhaja na C, kuma ina so in fara taimaka wa masu kula da wani buɗaɗɗen laburaren ɓoye bayanai, wato tarin kod da kowa ke iya karantawa ya yi amfani da shi. Na ga inda ake kwatanta lambobin sirri guda biyu, ko an samu bambanci tun a baiti (gaɓar bayanai) na farko, sai kod ɗin ya bi su har ƙarshe. A ganina ɓata lokaci ne. In gyara in tura musu?

Amsa: Ɗana, don Allah kar ka taɓa wurin nan. Da gangan aka rubuta shi haka. In kwatancin yana tsayawa da zarar ya ga bambanci, lambar da ta dace a baiti uku na farko za ta ɗan fi daɗewa a kan wadda ta kuskure tun farko. Mai kutse sai ya aiko gwaji dubbai yana auna lokaci, ya tsince sirrin ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ne laburaren ɓoye bayanai na OpenSSL ke da CRYPTO_memcmp, na libsodium kuma ke da sodium_memcmp, masu bin kwatanci har ƙarshe, duk da cewa memcmp, mai kwatanci na yau da kullum, na nan a C.

Irin niyyarka mai kyau ta taɓa jawo babbar ɓarna. A 2006 wani mai kula da OpenSSL a Debian, wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux, ya cire layi biyu daga sashen da ke samar da lambobin bazata, don Valgrind, manhajar binciko kurakurai a kod, na ƙorafi a kansu. Komai ya ci gaba da aiki lami lafiya, ba wanda ya lura. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya gano cewa mabuɗan sirrin da ake haifarwa daga waɗannan lambobi ba su wuce kusan 32,000 ba a kowane nau'i, abin da kwamfuta za ta lissafe gaba ɗaya ta ajiye. Dole masu Debian da Ubuntu, wanda aka gina a kansa, suka sake mabuɗansu. Abin da ke tayar min da hankali shi ne mabuɗi mai rauni da mai ƙarfi kamarsu ɗaya a ido.

Amma kar wannan ya kashe maka gwiwa, masu kula da irin waɗannan laburare suna matuƙar buƙatar hannu. Heartbleed, ramin tsaro a OpenSSL da aka bayyana a Afrilun 2014, rashin duba tsawon saƙo ne kawai, ya kwashe kusan shekara biyu a fili, domin masu karanta kod ɗin ba su da yawa.

Ka fara da gwaji. Harhaɗa laburaren a kan ARM, irin injin da ke cikin wayoyin da ake sayarwa a Adum da Kejetia, waɗanda mutanenmu ke tura kuɗi ta MoMo da su, ka ga ko duk gwaje-gwajen sun wuce. Layin da bai kwanta maka ba, buɗe git blame, mai nuna wanda ya rubuta kowane layi, ka karanta dalilin wanda ya sa shi. In ka ci karo da rami na gaske, kar ka baza shi a fili. Aika wa masu kula a asirce ta adireshin tsaron da suka tanada, ka ba su lokaci su toshe.