Tambaya da Amsa: "He" ɗin nan wa yake nufi?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗan Jidda ne, a nan aka haife ni, ina aiki a wani kamfanin kaya kuma imel ɗinmu duk da Turanci ne. Ogana kullum cewa yake ba ya gane wa nake nufi in na rubuta "he" ko "she". Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, wallahi ba kai kaɗai ba ne. Hausa da Larabcin da ka tashi da su duk suna raba kaya namiji da mace, mota mace ce a wajenmu, sayyara, wato mota da Larabci, ita ma haka, shi ya sa hannu ke zamewa a rubuta "she" alhali Bature "it" zai ce wa mota da kwantena da takarda.

Amma abin da ya fi rikita oganka ina jin shi ne jimla irin "The driver told the manager that he was late". To wa ya makara, direban ko manajan? Kai ka sani tunda kana wurin, shi mai karantawa bai sani ba, kuma a harkar kaya wannan sai ya ja a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba laifi. In mutum biyu suka haɗu a jimla ɗaya ka maimaita sunan kawai, babu kunya a ciki.

Sannan "you" ɗinsu guda ɗaya ce, ba kai ba ke ba ku, in jama'a kake nufi ka rubuta "all of you".